Ya kashe min tauraruwa a rubutun haɗaka: mu goge babin ko mu ɗora?

Tawada ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa yin rubutun haɗaka har suka ga ƙarshensa, don ni dai kaina ya kulle.

Mu bakwai ne muke rubuta labari ɗaya a wani zauren WhatsApp. Ba mu taɓa ganin juna ba, rubutu ne ya haɗa mu. Tsarin namu shi ne kowa ya ɗauki babi, in ya gama ya turo, na gaba ya ɗora daga inda aka tsaya. Ba mu kafa wata doka ba, don lokacin da muka fara gani muke nishaɗi ne kawai.

Labarin wani tsohon gida ne da magada suke rigima a kansa. A babi na 3, wanda shi ne nawa na farko, na shigo da wata tsohuwa mai aikin gidan tun zamanin marigayi. Ita ke riƙe da makullin wani ɗaki da ba a sake buɗewa ba tun ranar da ya rasu. Makullin yana ɗaure da zare a wuyanta, ko barci za ta yi ba ta cirewa. Masu karatu suka laƙaba mata Mai Makulli, har sunan da na raɗa mata ya ɓace. A babi na 10 na nuna yadda take tsayawa a ƙofar ɗakin kafin gari ya waye ta kasa kunne, da yadda take sauya magana duk lokacin da aka ambaci autan marigayi. Na san abin da ke cikin ɗakin nan. Yana kaina, lokaci kawai nake jira.

Sai ga babi na 16. Wanda ya rubuta shi ya kashe ta. Ba ma a gaban mai karatu ba, a layi uku ne, ta bakin direban gidan: wai ta zame a matakala da dare, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Daga nan yawancin babin ya koma kan soyayyar taurarinsa biyu. Ko makullin bai ambata ba.

Na bi shi gefe na yi masa magana cikin lalama. Ya ce labarin ya daina motsi, kowa zagayen ƙofar ɗaki yake, dole wani ya girgiza shi. Ya ƙara da cewa babu inda aka rubuta cewa tsohuwar tawa ce ni kaɗai. Yanzu zaure ya rabu: biyu suna bayana suna cewa a goge, biyu suna bayansa, ɗaya ta yi tsit, ko saƙo ta daina buɗewa. Masu karatu kuwa sun riga sun gani, don shugabar zauren takan ɗora kowane babi a Wattpad, shafin karanta labarai a intanet, ranar da aka turo shi.

Babi na 17 nawa ne, kuma ko harafi ɗaya na kasa rubutawa. Yana da hurumin yin abin da ya yi? Mu goge ko mu ɗora? In kuma na ga ba zan iya ba na fita, zan iya ɗaukar babukana da tsohuwata in je in ƙarasa labarinta ni kaɗai?

Gimbiyar Babi ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Bai kyauta ba ko kaɗan, kuma ya san bai kyauta ba, shi ya sa ya yi abin a layi uku ya wuce da sauri. A zaurukan da ake rubutun wasan taurari, inda kowa yake riƙe da tauraro ɗaya yana magana da bakinsa, dokar farko ita ce ba ka da ikon yanke abin da tauraron wani zai yi, balle ka kashe shi ba da izinin mai shi ba. Mai yin haka gargaɗi ake masa, in ya maimaita a fitar da shi.

Amma ki duba da kyau. Wa ya ga gawa? Direba ne kawai ya faɗa. Ki mai da direban maƙaryaci, ki buɗe babinki da tsohuwar tana zaune a wani wuri da makullinta a wuya. Ba ki goge masa ko kalma ba, kin kuma karɓi abinki.

Tsohon Edita ya amsa:

'Yata Tawada, sannu. Na san zafin abin, don tauraron da mutum ya raina da hannunsa ba ƙaramin wuri yake samu a zuciya ba. Ba zan ce yaron nan ya kyauta ba. Ko don ladabi ya kamata ya tuntuɓe ki, kuma ta fuskar sana'a ma ya yi ganganci: tauraruwar da masu karatu suka raɗa wa suna da kansu ba a kashe ta a bakin direba.

Sai dai akwai wata jimla a cikin bayaninki da na tsaya a kanta. Kin ce kin san abin da ke cikin ɗakin, yana kanki. To sauran shidan fa? Daga babi na 3 zuwa na 16, in aka cire naki biyu, babi goma sha biyu ke nan da wasu mutane suka rubuta suna tunkarar ƙofar da ba su san abin da ke bayanta ba. Ba su isa su buɗe ba don kada su ɓata miki, ba su isa su ƙyale ba don masu karatu ita suke tambaya. Me ya rage musu in ba zagaye ba? Da ya ce labarin ya tsaya, gaskiya ya faɗa, maganin da ya kawo ne bai yi ba. Marubuci shi kaɗai yana iya ɓoye sirri a kansa har shafin ƙarshe. A haɗaka, mai karatu ake ɓoye wa sirri, abokin rubutu ba a ɓoye masa, sai in an yi yarjejeniyar hakan tun farko.

Akwai waɗanda suka yi irin wannan yarjejeniyar, kuma yadda suka tsara ta abin dubawa ne. A 1931 marubutan labaran binciken kisa na ƙungiyar Detection Club da ke Landan suka fitar da littafin The Floating Admiral, kowa da babinsa. Cikinsu akwai Agatha Christie da Dorothy L. Sayers, G. K. Chesterton kuma ya rubuta buɗewar. Babu wanda ya san abin da na baya yake nufi, amma sun ɗaure kansu da sharuɗɗa biyu. Na ɗaya, ba ka da damar jefa wani sabon ruɗani don kawai ka wahalar da na gaba, dole ya zama kana da amsar da kake nufa, ka kuma miƙa ta a rubuce tare da babinka. An buga amsoshin nan a bayan littafin, kowa ya ga inda wancan ya dosa. Na biyu, duk wata alama da na baya suka bari dole ka yi aiki da ita, ba ka isa ka tsallake ta don ta dame ka ba. Duk da haka, Anthony Berkeley da ya zo ƙarshe sai da ya yi dogon babi na share ɓarna kafin zaren ya haɗu. Ƙwararru ke nan, da dokoki a hannu.

Auna zaurenku da waɗannan biyun. Shi ya karya na biyu, don ya tsallake makulli. In kika tambaye shi wa ya ture ta, ko me ya fito da ita matakala da dare, ina kyautata zaton ba shi da amsa, ya karya na ɗaya ma ke nan. Amma ku ma ba ku da wurin da ake ajiye amsa.

Batun gogewa, ban ba ki shawara ba. Mutane sun karanta. In kuka cire babin, kun koya wa mai karatu cewa abin da ya faru a labarinku yana iya zama bai faru ba, kuma daga ranar ba zai ƙara jin tsoron komai a cikinsa ba. Kun kuma koya wa junanku cewa babin da bai yi wa mutum daɗi ba ana iya tara jama'a a soke shi. Gobe naki ne.

Dabarar Gimbiya tana da daɗin ji, kuma ba haramun ba ce, amma ki san me za ki saya da ita. Zagaye zai dawo kansa a babi na 23. Mutumin da aka mai da babinsa ƙarya a gaban masu karatu, me kike zaton zai rubuta? Sai a koma ramuwar gayya, kowa yana warware saƙar na baya.

Da ni ne, tambaya ɗaya zan ɗauka in shiga babi na 17 da ita: ina makullin? Matar da ba ta cire shi ko da barci, an ɗauke ta daga ƙasan matakala. Ko yana wuyanta, ko babu. In babu, wani ya tsinke zaren, kuma mutuwar da aka yi wa riƙon sakaci ta zama abu mafi girma da ya faru a labarin. Layi ukun nan nasa su ne za su zama shaidar da kowa zai koma ya sake karantawa. Tsohuwar kuma ba ta fita daga hannunki ba, don mamaci yana da wasiƙa, yana da wanda ya taɓa gaya wa magana, yana da jiya.

Gimbiyar Babi ta amsa:

Baba, na ji bayaninka, amma wannan ai saka wa mai laifi ne da alheri. Ya yi ɓarna, ita ta zo ta mai da ɓarnar ado, gobe ya ce ai shi ya ceci labarin.

Tsohon Edita ya amsa:

Zai faɗa kuwa, Gimbiya, kada ki yi shakka. Maganinsa alƙali, ba ramuwa ba. Mutanen Japan sun yi ƙarnoni suna haɗa waƙar da suke kira renga: wani ya kawo baiti mai gaɓoɓi 5-7-5, na gaba ya ɗora mai 7-7, a yi ta tafiya har baiti 100, ko 36 kamar yadda mawaƙi Basho ya fi so a ƙarni na 17. A zaman akwai malami da yake karɓa ko ya mayar da baiti, akwai marubucin zama da yake lura da dokoki yana rubuta abin da aka amince da shi. Baiti ba ya shiga takarda sai ya wuce su. Kuskuren zaurensu Tawada shi ne babi yana fita duniya ranar da aka turo shi. Da akwai ko kwana biyu tsakanin turowa da ɗorawa, da wannan rigimar a cikin gida za ta ƙare.

Ɗan Dare ya amsa:

Anti Tawada, ni ta wani gefen zan zo. Ina ganin tsarin karɓa-karɓa a kan zare ɗaya shi kansa ne mai wahala, ko da mutanen kirki ne.

An gwada shi a babban mataki. A farkon 2007 kamfanin buga littattafai na Penguin da Jami'ar De Montfort ta Ingila suka buɗe wani shafi irin na Wikipedia mai suna A Million Penguins, suka ce duk mai so ya zo a rubuta littafi ɗaya. Cikin kusan mako biyar mutum wajen 1,500 suka yi rajista, aka yi gyara sama da 11,000. Abin da ya fito ba labari ɗaya ba ne. Ya tarwatse zuwa rassa, wannan ya rubuta wancan ya goge, har aka samu wanda ya ɗauki aikin cusa ayaba a duk sashen da ya samu. Kowa yana da ikon taɓa komai, don haka babu abin da ya zauna.

Ki kwatanta da SCP Foundation. Ya fara da rubutu guda da wani ya saka a dandalin intanet na 4chan a 2007, a 2008 ya koma shafinsa a Wikidot, yau rubuce-rubucen sun kai dubbai, da rassa a harsuna da yawa. Abin da suka haɗa ba zaren labari ba ne, duniya ce: wata hukumar sirri da take tsare abubuwan da suka saɓa wa hankali. Kowane marubuci yana rubuta rahotonsa a kan abu ɗaya, da lambarsa, da yadda ake tsare shi, da bayaninsa. Rahotonka naka ne, wani ba zai zo ya sauya maka labari ba. Masu karatu suna jefa ƙuri'a, wanda ya faɗi ƙasa sosai, wajen maki goma ƙasa da sifili, a fara shirin cire shi. Kuma sun yarda tun tuni cewa babu wani labari guda da ya zama dole kowa ya bi, saboda haka in wani ya kashe tauraro a nasa rubutun, bai hana ki raya shi a naki ba.

Gidan magadan nan naku zai ɗauki wannan tsarin. Kowa ya riƙe mutum ɗaya a gidan ya ba da labari ta idonsa. Mai soyayya ya yi ta soyayyarsa, ke ki riƙe ɗaki. Na san wannan ba zai warware miki babi na 17 ba, na gaba nake hango muku.

Mai Bin Ƙa'ida ya amsa:

Malama Tawada, kowa ya tsallake tambayarki ta uku, bari in taɓa ta.

A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe sama da 180 suka shiga, haƙƙin mallaka yana samuwa ne da zarar an yi rubutun, ba sai an yi rajista ba. Amma abin da doka take karewa shi ne yadda aka rubuta, ba tunanin ba. Tsohuwa mai riƙe da makullin rufaffen ɗaki tunani ne, kina iya rubuta sabon labari a kansa gobe, kowa ma yana iyawa. Jimlolin da wasu suka rubuta, da taurarin da suka ƙaga da siffofinsu, waɗannan ba za ki kwasa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne matsayin labarin gaba ɗaya, kuma a nan dokokin ƙasashe sun sha bamban. A Birtaniya, aiki yana zama na tarayya ne idan ba a iya rarrabe gudummawar kowa, don haka babukan da aka san mai kowanne sun fi kusa da zama na masu su, kuma aikin tarayya ba a ba da lasisinsa sai kowa ya yarda. A Amurka niyya ake dubawa: in an rubuta da nufin sassan su haɗu su zama abu ɗaya, duk marubutan suna da haƙƙi a kan dukkansa, kuma kowannensu yana iya ba wani izinin amfani da ba na keɓewa ba, sai dai ya raba abin da ya samu da sauran. Ku da ba ku taɓa haɗuwa ba, ta yiwu ma ba ƙasa ɗaya kuke ba.

Shi ya sa SCP da Ɗan Dare ya ambata suka yanke magana tun farko da lasisin Creative Commons: kowa yana iya ɗauka ya gina a kai, har ya sayar, muddin ya faɗi mai shi kuma ya saki nasa a kan sharaɗi iri ɗaya. Ba lallai ku bi wannan ba, amma ku rubuta shafi ɗaya kowa ya amsa da "na yarda": wanda ya fita, babukansa za su zauna ko za su bi shi, sunayen wa za a sa, wa zai yi magana in wani ya nemi bugawa. Sannan ki lura, asusun Wattpad ɗin a hannun mutum ɗaya yake. Ko me doka ta ce, a aikace ita ce mai iya sauke komai a dare ɗaya. Kowa ya ajiye kwafinsa.

Tawada ta amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta kowace amsa fiye da sau ɗaya.

Gimbiya, wallahi zuciyata tana tare da ke, har na fara rubuta wurin da tsohuwar take zaune a bayan mota. Amma na tuna a babi na 16 ɗin ya nuna 'yar marigayi tana kuka tana naɗe kayan tsohuwar, kuma wurin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. In na ce ƙarya ne, kukan nan ma ya tashi a banza.

Ga abin da na yi. Na buɗe takarda a Google Docs na saka mu duka, na rubuta sunan kowane tauraro, shekarunsa, wanda ya kawo shi, da abubuwan da aka buɗe ba a rufe ba. Na ƙirga guda tara, har da wata wasiƙa da aka ɓoye a babi na 5 kowa ya manta da ita. A ƙasa na rubuta abin da ke cikin ɗakin. Hannuna har rawa yake, don na daɗe ina riƙon abin nan. Mutumin namu ne ya fara amsawa. Bai ba da haƙuri ba, har yanzu kuma ina nan a kan cewa ya kamata ya bayar. Cewa ya yi da ya san haka ne da autan zai sa ya ture ta. Na tambaye shi wa yake nufi ya ture ta da can, ya ce babu kowa, zamewa kawai ta yi. Baba, ka canka daidai.

Mun amince da kwana biyu kafin ɗora babi, da kuma cewa ba a kashe tauraro ko a aurar da shi sai wanda ya kawo shi ya sani. Shafin yarjejeniyar Malam Mai Bin Ƙa'ida ne ya tsaya, don shugabar zauren ta ji kamar ana zarginta da na kawo maganar asusu. Zan bari ƙura ta lafa.

Babi na 17 zai buɗe da ma'aikaciyar asibiti tana miƙa wa 'yar marigayi kayan da aka cire daga jikin tsohuwar a cikin leda. Zaren yana ciki, an yanke shi da wuƙa, ba tsinkewa ya yi ba.

Saura wadda ta yi shiru. Babi na 18 nata ne, kuma har yanzu ba ta buɗe takardar ba. Mu jira ta, ko mu tsallake?

Tsohon Edita ya amsa:

Kada ku tattauna ta a cikin zaure tana gani. Ke ki kira ta, murya da murya, kada ki tambaye ta bayan wa take. Ki karanta mata wurin ledar nan, ki ce mata wasiƙar babi na 5 ba ta da mai ita, ko za ta ɗauka. In mako ya cika ba ta ce komai ba, ku musanya mata da mai babi na 19, ku sanar da ita cewa gurbinta yana nan.